Sunan da Inno Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Shafi na 18

Layin wayar Malam Mas'ud bai faɗa hannun 'yan damfara ba. An yi walimar saukar Basma, an ci waina har ta yi saura, Inno, mahaifiyar Malam, kuma ta iso da ƙafarta, har da akuya.

Amma kafin a kai ga haka, sai da Mardiya ta yi abin da ba a taɓa gani ba a gidan. Mahaifinta ya miƙo hannu ya ce ta ba shi abu, ta ƙi.

Ranar Asabar ce da hantsi, a gidan Malam da ke jikin makarantarsa ta Alƙur'ani a Kurfi. Basma, autarsa, ta sauke, an sa walima bayan azahar. Mardiya, yayar Basma, wadda ke karatun kwamfuta a Dutsin-Ma, ta zo tun jajibiri. Ita da abokan karatunta suka haɗa Mataci, manhajar waya mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke duba saƙon da ya shigo ta faɗi ko na damfara ne. A hutun da ya wuce ta sa wa Malam a wayarsa, bayan doguwar lallaɓa. Ya yarda ne don abu ɗaya: layin nasa ba nasa ba ne shi kaɗai. Iyayen yara, tsofaffin ɗalibai, daga Kutawa har Maraɗi, idan saƙo ya fito daga wannan layi ba sa tambaya. Yi kawai suke yi.

Tana bakin tanda tana juya waina Basma ta zo, hannu a ɗage don kada lallenta ya goge.

"Yaya Mardiya, Baba na kira. Ya ce yanzu-yanzu."

"Me kika yi kuma?"

"Ni? Yau ko na yi laifi ba mai taɓa ni. Amarya ce ni."

"Amaryar allo ba."

Ta miƙa wa wata maƙwabciya cokalin, ta goge hannu, ta nufi ɗakin Malam.

Yana zaune a kan buzu, wayar a tafin hannunsa. Ƙaninsa, Baffa Garba, ɗan kasuwar wake, ya baje a kan tabarma yana fifita da hula. Mardiya ta durƙusa a bakin ƙofa. Sai a nan ta lura idanun mahaifinta sun yi ja.

"Ga ni, Baba."

"Karɓi wayar nan. An turo wata lamba, rubutun ƙanana ne, tabarauna kuma tun safe ban gan shi ba. Karanto mani."

Ta karɓa da hannu biyu. Abin da ta fara gani ba lambar ba ce. Jan layi ne ya ratsa saman wayar, alamar Mataci, da rubutu a ƙasansa: Dakata. Kada ka ba kowa lambar nan.

"Baba, wa ya nemi lambar?"

"Kakarki."

"Inno ai ba ta da waya."

"Ta wajen Maryamu mana," in ji Baffa Garba. "Ke komai sai kin yi mashi shari'a?"

Maryamu jikar Inno ce, 'yar ƙanwar Malam, ita ke zaune da tsohuwar a Karofi. Duk saƙon muryar da Inno ke aiko wa guruf ɗin gida, zauren hirar dangi na waya, ta wayarta yake fitowa. Mardiya ta buɗe hirar. Hoton Maryamu ne a sama, amma layin baƙo ne.

Kawu ina kwana, Maryamu ce. Wayata ta faɗa randa, wannan sabon layi ne. Ga Inno.

A ƙasa akwai saƙon murya. Ta danna.

Da ɗan tarin nan aka fara, wanda Inno ke yi kafin kowace magana.

"Mas'udu, ƙafar nan ta hana ni tasowa. Maryamu ta ce ana iya haɗa ni in ga walimar ta waya. Za a turo maka lamba, ka karanto mata. Mas'udu, kada ka bari in rasa ganin saukar Basma."

Daga tsakar gida ana jiyo daka da dariyar mata.

"Kin ji abin da ta ce?" in ji Malam.

"Na ji, Baba."

"A'a. Kin ji abin da ta kira ni?"

Ta ji. Kowa a zuri'ar zai ji. Malam ɗan fari ne, kuma shekarunsa sun haura sittin, amma sunansa bai taɓa fita daga bakin Inno ba. Kunyar ɗan fari take yi irin ta mutanen da. Da yana yaro "wancan" ne. Da ya buɗe makaranta ya koma "mutumin Kurfi". Akwai mai goro a kasuwar Karofi da ake kira Mas'udu; shi ma albarkacin Malam ya rasa sunansa, ya zama "mai sunan wancan". Ranar da aka kai ta asibiti aka tambaye ta sunan babban ɗanta, cewa ta yi a tambayi Garba, ai yana da baki.

"Inno ba za ta kira ni haka a banza ba," in ji Malam a hankali. "Jikin ne. Ta ji wani abu a jikinta."

Mardiya ta gane ba gardama ce a gabanta ba. Tsoro ne.

"Baba, ka bari in karanta maka abin da Mataci ya rubuta."

"Aljanin Mardiya zai yi huɗuba," in ji Baffa Garba, ya gyara kwanciya.

Ta karanta, muryarta a ƙasa.

"Layin nan sabo ne, ba a taɓa magana da shi ba. Lambar da ake nema ita ce mabuɗin akawun ɗinka na hira. Duk wanda ya same ta zai yi magana da sunanka. Muryar ta yi kama da ta Inno ƙwarai, ba zan iya cewa tabbas ba tata ba ce. Amma a duk saƙonninta da na saurara a guruf ɗin gida, ba ta taɓa ambaton wannan suna ba. Ku neme ta ta wata hanya kafin komai."

"To ka ji!" Baffa Garba ya tafa hannu. "Shi da kanshi ya ce bai sani ba."

"Ya ce a bincika, Baffa."

"A bincika uwarmu? Mu da muka sha nononta ba mu san muryarta ba, sai kwalba?"

"Yanzu ana iya ɗaukar muryar mutum a koya wa na'ura, ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba."

"Har da tarin?"

"Har da tarin, Baffa."

Malam ya ɗaga hannu, suka yi shiru.

"Mardiya, abin da ya sa abin naki ya yi shakka, shi ya sa ni na tsorata. Uwa in ta ji nauyi a jikinta, takan faɗi abin da ta daɗe tana riƙewa."

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Sabon saƙo.

Kawu ka yi sauri lambar za ta mutu. Inno kuka take.

Mataci ya sake ja masa jan layi. Mardiya ba ta so karantawa ba, amma ba ta saba ɓoye masa abu ba. Ta karanta.

Malam ya miƙo hannu.

"Ba ni wayar. Garba zai karanta."

Ba ta motsa ba.

"Mardiya."

"Na'am, Baba."

"Na ce ki ba ni."

Ta sauke gwiwa ta biyu a ƙasa, ta rufe wayar da tafukan hannunta a kan cinya, ta sunkuyar da kai.

"Ka yi mani rai, Baba. Ba zan iya ba."

Baffa Garba ya tashi zaune.

"La'ilaha illallahu! Yaya Malam, ka ga abin da nake faɗa maka? An kai yarinya Dutsin-Ma ta dawo tana hana uba wayarshi. Ke, wace irin lamba ce ba a gani ba? Ni nan ranar Talata aka turo mani ta takin zamani mai rahusa, na danna, suka ce in sa lamba a wayata, na sa. Ga ta nan lafiya lau. Me ya same ta?"

Maganar ta shiga kunnen Mardiya, amma idonta na kan hannun mahaifinta da har yanzu ke miƙe.

"Baba," ta ce, "in Inno ce, jinkiri kaɗan ba zai hana ta ganin walima ba. Lambar in ta mutu ana turo wata. In ba ita ba ce, kafin azahar wani zai yi magana da iyayen yara da sunanka, kuma za su yarda, don kai ne. Ka ba ni tsawon alwala ɗaya kawai. In ban samo maka ita ba, da hannuna zan ba Baffa wayar."

Malam ya dube ta. Sannan ya janye hannun, ya jawo buta, ya miƙe.

"Alwala ɗaya," ya ce. "Kuma ni ba na jan alwala."

Yana fita ta zaro tata wayar ta kira tsohon layin Maryamu. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

"Ba ta ce maki ta faɗa randa ba?" in ji Baffa Garba.

"Baffa, ba kai ka tura Alu da mota tun asuba ya ɗauko su ba?"

"Ni na tura shi."

"To in Inno ta fasa zuwa, me ya hana shi kiranka?"

Baffa Garba ya dafa aljihun da wayarsa take.

"Ba ni lambarshi, don Allah."

Ya laluba aljihu ya fito da wayar, ya nisanta ta da fuska, yana shafawa da babban yatsa.

"Alu mai buhu… Alu na Dabawa… wannan ya rasu, Allah ya jiƙanshi… Alu mai bashi, a'a…"

"Baffa, direba!"

"To ki bar ni in duba mana. Ni ban sa mashi direba ba. Yauwa, ga shi, Alu Gudu."

Ta kira. Ta yi ta ringi har ta katse. Daga waje tana jiyo zubar ruwa a kan dakali. Ta sake kira. Wannan karon aka ɗauka, ƙarar iska da inji suka cika kunnenta, sai kuma wani dogon kuka: meeee.

"Malam Alu, Mardiya ce ta gidan Malam. Kuna ina?"

"Mun kusa shigowa Kurfi! Ku yi haƙuri, wallahi ba laifina ba ne. Hajiya ce ta ce sai da akuya za a taho, akuyar kuma ta ce ba ta zuwa. Har bayan gari muka bi ta."

"Inno na cikin motar?"

"Ga ta nan a baya, ta riƙe igiya."

"Ba ta wayar."

Aka ji shi yana magana, sannan wata murya daga nesa, mai kaifi:

"Ce mata ba na magana a mota, jiri nake ji. Kai kuma ka dubi gabanka!"

Mardiya ta buɗe lasifikar wayar. Daidai nan Malam ya ɗaga labule, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya tsaya cak. Ya ajiye butar ya matso.

"Inno?" ya ce. "Inno, lafiya kike?"

Shiru, sai iska. Sannan aka ji ɗan tari.

"Alu, mutumin Kurfi ne?"

"Shi ne, Hajiya."

"To ce mashi muna tafe."

Malam ya koma ya zauna a kan buzu. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suka fara rawa. Mardiya ta ɗauka kuka yake. Da ya sauke hannun sai ta ga dariya ce, irin wadda ba ta taɓa ganin ya yi ba, har da hawaye.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi wannan ita ce. Ko amsa ni ba ta yi ba."

"Ni dama tun farko na ji muryar can da wani iri," in ji Baffa Garba.

"Kai, Garba, ji tsoron Allah."

Baffa Garba ya miƙe zai fita tarbo, sai aka ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin tabarmar. Ya ɗaga gefenta. Tabarau ɗin Malam ne, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe.

"Tun safe a kanshi kake zaune?"

"Alhamdu lillahi ai," in ji Baffa Garba, ko kunya. "Da ka gan shi, da tuni ka karanta masu lambar. Ashe ni na cece ka."

Mardiya ta kasa riƙe dariyarta. Ta miƙa wa mahaifinta wayarsa da hannu biyu.

"Ka yafe mani, Baba."

"Riƙe ta," ya ce. "Yau a hannunki za ta wuni."

Motar Alu ta tsaya a ƙofar gida akuya ta riga kowa fitowa. Wata ta rangaɗa guɗa. Inno ta shigo tana dogara sanda, Maryamu na bayanta da ƙullin wake a ka. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin dalbejiya, mata suka yi ta zuwa gaisuwa. Basma ta faɗa jikinta.

"Ke, za ki karya ni! Akuyar can taki ce. Ki kula da ita, ta fi ki taurin kai."

"Ashe da wa ta yi kama, Inno?"

"Da kakanki."

Mardiya ta ja Maryamu gefe.

"Wayarki ta faɗa randa?"

"Wace randa? Ga ta nan. Caji ya ƙare, tun jiya ba mu ga wuta ba. Me ya faru?"

Labari ya riga ya zagaya gidan, don Baffa Garba ya ba da shi a zaure, kuma a nasa labarin shi ya fara ganewa. Mata suka nace sai an kunna wa Inno ta ji. Mardiya ta durƙusa kusa da ita.

"Inno, ki saurara ki faɗa mani wace ce wannan."

Tarin ya fito. Inno ta karkata kai. Da aka kai kan sunan, sai ta zabura kamar an ɗora mata garwashi.

"A'uzu billahi! Wace mara kunya ce wannan?"

"Ke ce, Inno."

"Ni? Ni da bakina?"

"Ga tarinki nan."

"Tarin nawa ne, ban musu ba. Amma bakin ba nawa ba ne!" Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kashe! Kashe, kada ta ƙara!"

Ba a kashe da wuri ba. Sunan ya sake fitowa. Tsakar gida ta ɗauki dariya, har mai juya waina ta bar ɗaya ta ƙone.

"Kuma wancan ya ji?" in ji Inno daga cikin mayafi.

"Ya ji. Har ya ɗauka jikinki ne ya yi tsanani."

Mayafin ya ɗan sauka. Inno ta kalli ƙofar ɗakin Malam.

"Haka ya ce?"

"Har idonshi ya yi ja."

"Sakarai," ta ce, a hankali. Ta gyara mayafin. "Ko ranar da zan tafi, sai dai in ce a kira mani shi."

"Inno," in ji Mardiya, "ba sai ki faɗi sunan sau ɗaya ba, mu gwada mu ji ko ɓarawon ya kwaikwaya daidai?"

Sanda ta taso. Mardiya ta goce, Basma ta ɓuya a bayan turmi.

"Ja'ira! Ashe ke ce babbar ɓarauniyar. Zo nan. Wa ya gane ba ni ba ce?"

"Mataci. Wani abu ne da muka haɗa a makaranta, yana cikin wayar Baba. Ya saurari duk saƙonninki, ya ce ba ki taɓa faɗin sunan ba."

"Yana da uwa?"

"Ba shi da uwa, Inno."

"To ya fi masu uwa sanin halin uwa." Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure. "Garba! Kana ji na?"

"Ina ji, Inno!"

"To ka ji da kyau." Ta juyo ga Basma. "In akuyar can ta haihu, ɗan farko na abin Mardiya ne."

"Inno, ai ba ya cin nama."

"Sai ya yi kiwo."

Bayan azahar aka cika farfajiyar makaranta, maza a gaba, mata a bayan labule. Basma ta fito da sabon hijabi, rungume da allo mai zayyana. Malam, da tabarau mai karkatacciyar ƙafa, ya biya mata farkon Baƙara, tana maimaitawa. A aya ta farko muryarta ta yi rawa. Daga ta biyu ta miƙe, ta tafi sumul har ƙarshe. Aka shafa fatiha, aka raba sadaka. Inno ba ta kalli wajen da Malam yake ba ko sau ɗaya, amma Mardiya, da ke zaune kusa da ita, ta ga leɓɓanta na bin karatun, kuma ba na Basma kaɗai ba.

Bayan la'asar baƙi suka fara raguwa. Mardiya ta kai wa Malam da Baffa Garba tiren waina da miyar taushe da naman rago a ɗaki. Baffa Garba ya jona wayarsa a caji a jikin bango, ya naɗe hannun riga, ya faɗa wa tiren da hannu biyu, ɗaya na riƙe ƙashi, ɗaya na yagar nama.

"Baba," in ji Mardiya, "zan toshe layin nan, in goge saƙon."

"Layin ki toshe."

"Saƙon fa?"

Malam ya cire tabarau, yana ƙoƙarin miƙe ƙafarsa.

"Ki bar shi."

"Baba, na ƙarya ne fa."

"Na sani." Bai ɗago ba. "Ki bar shi dai."

Ta bar shi.

"In na ci abinci," in ji Malam, "za ki ɗauki muryata, in gargaɗi iyayen yara. Kowa ya ji an nemi lamba, ko da muryar wa, kada ya bayar. Kuma abin nan naki, a sa wa malaman makaranta duka."

"Har da Baffa?"

"Ni ku bar ni," in ji Baffa Garba da baki cike. "Shekara nawa ina kasuwa, ba a haifi wanda zai cuce ni ba."

Mardiya ta yi murmushi, ta jingina da bango, wayar Malam a hannunta. Tun safe wani abu ke mata yawo a kai, sai yanzu ta samu sararin dubansa. Inno ba ta magana a rediyo. Ba ta zuwa taro. Muryarta wuri ɗaya take a ajiye: guruf ɗin gida. A can ne kuma aka yi hirar ciwon ƙafarta, da ranar walima, da hoton Maryamu. Wanda ya haɗa saƙon nan ya karanta hirarsu. Sunan kawai ya tsinta a waje, shi ya sa ya yi tuntuɓe.

To ta wace ƙofa ya shiga?

Ranar Talata. Takin zamani mai rahusa. Na sa lamba a wayata.

Ta ɗago ta dubi Baffa Garba. Shi ne ke riƙe da guruf ɗin gida. Shi ne kuma Malam ya damƙa wa guruf ɗin iyayen yara, saboda ya fi kowa son magana.

"Baffa, lambar nan ta taki da ka ce ka sa…"

Wayar Malam ta girgiza a hannunta.

Guruf ɗin iyayen yara ne. A samansa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta: Garba yana ɗaukar murya…

Ta dubi bango. Wayar Baffa Garba na can a jone, a kife, ba mai taɓa ta. Ta dubi tire. Hannayensa biyu na cikin miya.

Saƙon ya faɗo. Mataci ya ja masa jan layi tun kafin ta taɓa shi. Ta kara wayar a kunne.

"Assalamu alaikum, iyayen yara. Ni ne Malam Mas'ud. Wata buƙata ce ta gaggawa ta taso wa makaranta…"

A gabanta Malam Mas'ud na zaune, yana miƙa wa ƙaninsa tsokar nama, yana dariya.

A ƙasan saƙon, wani uba daga Kutawa ya riga ya amsa: To Malam, yanzu kuwa in sha Allahu.